Abin da Ya Hana Motar Kawu Numfashi a Hanyar Gidan Sori

Mun tashi da asuba daga Gazawa, ni da Inna, cikin tsohuwar motar Kawu. Tun ana gobe za mu tafi, da la'asar, aka kira daga Gidan Sori cewa jikin Inna Babba, yayar Inna da Kawu, ya yi tsanani, kuma ba ta ambaton kowa sai ƙanwarta. Kawu ciwon ƙafa ya zaunar da shi tun kaka, motar ma tun lokacin take ajiye a gindin ɗakin da yake zuba buhunan wake. Shi ya sa tuƙi ya faɗo kaina, ni da na gama jami'a da takardar tuƙi a aljihu amma ban taɓa wuce Agiye da mota ba.

Ina murɗa makulli ta kama, sai dai ta ɗauki kakkarwa kamar mai masassara, har madubi na rawa. Kawu ya leƙo ta taga ya ce daɗewa ce ba a tashe ta ba, in ta ɗumama za ta daina. Ban yi musu ba, ko da yake raina bai kwanta ba.

Hanyar Agiye ba laifi. Bazara ce, manoma sun fita sharar gona tun kafin rana ta yi zafi, hayaƙin kara na tashi nan da can. Motar kuwa ta ɗumama, amma ba ta daina ba. In na taka ta sai ta yi tari, ta ja kaɗan, ta saki. A madubi ina ganin baƙin hayaƙi na bin mu. Na tuna ɗan abin da na taɓa karantawa, cewa inji abu uku yake so: mai, wuta da iska. Na fara zargin mai, wataƙila wanda ya daɗe a tanki ya lalace. A Agiye na wuce masu sayar da esansi, wato man fetur, a kwalba, duk da nasu ya fi sauƙi, na shiga gidan mai na cika ta da sabo. Muka sha shayi da ƙosai a tsaye. Inna ba ta ci rabin nata ba.

Sabon man bai canza kome ba. A shingen jandarma ta mutu gaba ɗaya, sai da wani mai amalanke ya sauko ya taya ni turawa, yana ba ni shawarar in gwada jaki, ba ya tari. Nan ne wayata ta yi ƙara. Ɗan Inna Babba ne, ya ce ta farka tana tambaya ko mun taso. Inna ta ji kome. Sai ta ƙara saurin jan carbi. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini faɗa a gaban mutane, jan carbin nan nata kuwa ya fi mini faɗa nauyi.

Da lallaɓawa muka kai Cadawa, muka tsaya a wani garaji ƙarƙashin itacen bedi. Makanikin, dattijo mai fara'a, ya ɗaga murfin inji ya kwance buji, masu ba inji wuta. Duka huɗun sun yi baƙi ƙirin da toka. Ya ce zai goge su mu tafi, in ta ƙi kuma sai a buɗe kaburato, inda mai ke haɗuwa da iska, aikin da zai kai mu la'asar. Na dubi Inna a inuwa, na dubi rana. Na daɗe ina juya maganar a baki kafin na ce:

"Baba, ban sani ba ko na yi daidai, ni ba sana'ata ba ce. Amma tunda duka huɗun suka yi baƙi tare, anya ba iska ce ba ta isar ta ba?"

Ya ce dubawa ba ta ɓata kome. Ya ɓalle murfin akwatin da matatar iska take ciki, sai wake ya zubo masa a ƙafa. Wake sosai, da ƙaiƙayin hatsi, da tsummoki, da warin ɓera da ya sa muka ja da baya. Ashe duk watannin nan ɓeraye sun mai da wurin rumbunsu, sun toshe ko'ina, injin na shan mai ba iska. Makanikin ya yi dariya har ya dafa mota. Inna ta taso, ta ɗebi waken ta duba a tafin hannu, ta ce na Kawu ne, shi da ya yi ta zargin jikoki da kai wa masu ƙosai. Ta ƙulle shi a bakin zane.

Aka kakkaɓe akwatin, aka sa sabuwar matata, aka goge buji. Da na murɗa makulli sai ta tashi lafiya lau, sautinta ɗaya, madubi tsit. Dattijon ya ce mu yi sauri, ya bi mu da addu'ar samun sauƙi ga mai jiki.

A Maraɗi ban ga kome ba sai baburan 'yan kabu-kabu da nake tsoron bugewa. Bayan Tibiri muka saki kwalta muka shiga rairayi, inda wani makiyayi ya bar shanunsa ya nuna mana sawun da mota ba ta kafewa, da Hausarsa mai ɗanɗanon Fillanci. Mun shiga Gidan Sori ana kiran azahar.

Mun same ta da rai. Ta rame ƙwarai, amma ta gane muryar Inna tun daga zaure. Suka riƙe hannun juna. Can Inna Babba ta ce, "Mi ya tsaishe ku? Na zaci ba ki tahowa." Inna ta kwance bakin zane ta zuba mata waken a hannu, ta ba ta labarin ɓerayen Kawu. Tsohuwar ta yi dariya har sai da aka tallafe ta aka ba ta ruwa. Ta ce ƙanen nan nasu tun yana yaro rowa gare shi, ga shi ɓera ya fitar masa da zakka. 'Ya'yanta suka ce rabonta da dariya tun kafin ta kwanta.

Na bar Inna can, na dawo Gazawa washegari ni kaɗai, motar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Kawu ya sa aka janye ta daga gindin ɗakin wake. Ba zan ce na iya gyaran mota ba. Abin da na riƙe dai shi ne, in ta yi kakkarwa a bi mai, wuta da iska ɗaya bayan ɗaya, kuma in mutum na da shakka ya faɗe ta ko da murya na rawa.

Ranar Juma'ar da ta biyo Inna Babba ta rasu, kanta bisa cinyar Inna. Allah ya jiƙanta, ya saka wa mai amalanke da makaniki da makiyayin nan da alheri. Waken yana nan, Inna ta ce in ruwa ya sauka za ta shuka shi a bayan ɗaki.