Asabar ɗin da Yaran Jojiya Suka Koyar da Ni

Ajinmu na Hausa a Tremont ya kusa mutuwa, shi ya kai ni Brooklyn. Yara sun janye. Dattawan masallaci sun ce in wata ya ƙare a haka, ɗakin zai koma ma'ajiyar darduma. Jikata tana cikin 'yan kaɗan da suka rage. Tana jin duk abin da na faɗa, amma da Turanci take mayar mini.

Akwai direban da ke sauke mini kaya a Canal Street, inda nake kasa kayan sayarwa, mutumin Jojiya. Ba Jojiyar Atlanta ba, ƙasa ce can gefen Rasha. Matarsa tana koya wa yaransu harshensu duk Asabar. Ya ce mu zo mu gani.

Mun fita bayan sallar asuba, ni da malamin ajinmu, Bakano. Jirgin ƙasa mai lamba D muka hau. An sake ƙara kuɗin shiga, kujerun kuwa na da ne. A Harlem masu aikin asibiti suka cika shi, kowa na gyangyaɗi a tsaye. Da muka hau gada na hango gefen Canal Street, inda na sha sanyi, na sha gudun 'yan sanda da buhun kaya a ka. Ban taɓa wuce gadar nan don wani abu ba sai kaya.

Unguwarsu shiru, gidaje gajeru, tsofaffi a bakin ƙofa suna kallon babbar rigar Malam. Direban ya tsaya da mu gidan burodi tukuna. Burodinsu kamar kwalekwale, cike da cuku, ga ƙwai a tsakiya. Na tambayi alade, aka ce babu. Malam ya ce ɗanɗanawa kawai zai yi. Shi ya cinye rabin nawa.

Makarantar a ƙarƙashin coci take. Yaran irin namu ne: haihuwar nan, bakin Turanci. Babu bulala, babu haddar “ku maimaita”. Ƙanana suna murza kwaɓin fulawa suna yin baƙaƙensu da shi, baƙaƙe masu lanƙwasa kamar ƙugiyar kifi. Manya sun kafa kasuwar wasa, ba a sayar maka sai ka tambaya da harshen. Wanda ya riƙe sabuwar kalma, malama, matar direban, ta tambaye shi ta yaya ya riƙe. Wani da waƙa, wani da zane. Sauran su ɗauki dabarar da ta yi musu.

Sai ta zaunar da mu kan kujerun yara. Mijinta ya fassara: yau mu ne ɗalibai. Ni ban yi lakwal ba, wato boko, ban taɓa zama a aji ba sai ranar, da furfurata. Ta haɗa ni da wata yarinya, ta ce yarinyar ta yi watanni ba ta buɗe baki a ajin ba. Yarinyar ta dube ni, ta ga ban san komai ba, sai ta miƙe.

“Gamarjoba,” in ji ta. Sannu ke nan. Na faɗa, ta gyara. Burodi “puri”, wannan na kama nan take. Sunan ruwa kuwa ya maƙale mini a maƙogwaro, har Malam ya ce, “Alhaji, tofar da shi kada ya kashe ka.” Yarinyar ba ta ƙyale ni ba. Ta juya wajen malama tana tambayar wasu kalmomin da harshensu, don ta zo ta ɗora mini.

Malama ta ce yaro ba ya son magana inda kowa ya fi shi. Ka samo masa wanda ya fi, bakinsa zai buɗe.

A jirgin dawowa, bayan mun wuce gada, Malam ya ce, “Alhaji, namu duk inda suka juya wanda ya fi su ne. Su yi kuskure, a kwashe da dariya.” Na ce to mu samo musu jahili.

Asabar ta gaba direban ya zo Tremont, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa. Muka ce wa yara baƙon nan ko sannu bai sani ba. Ya ce “ina kawana”. Jikata ta dafe kai.

“Ba haka ba ne! Kaka, gaya masa, ina kwana ake cewa!”

Da Hausa ta faɗa, daga farko har ƙarshe. Ban gaya masa ba. Na ce ita ce malama.

Labari ya zaga gidaje cewa akwai Baturen da ake koya wa Hausa. Waɗanda suka gudu suka dawo, har da 'yan Zangon Kumasi. Dattawa suka leƙo, suka nemi wa dardumarsu wani wuri.

Abin da na koyo bai da yawa: yaro ya fi riƙe abin da ya koyar. Yanzu ranakun aiki ina kan teburina a Canal Street. Asabar ina bakin ƙofar ajin Tremont, ina jera takalman yara, don sun fi ƙarfin kantar ajiye su.