Layin da Inna Kande Take Nunawa

Sai da na haura arba'in na iya haɗa baƙi da wasali, kuma abu na farko da karatu ya jawo mini shi ne ɓacin rai.

A Iku ta Suleja na tashi, hannun kakata Inna Kande, maginiyar tukwane. Ranar gashi, da an idar da magariba sai mu zagaye wutar da ke cin randunanta, ita tana gefe da ɗanyar tukunya a cinya. Baki na tatsuniya, hannu na zane da tsinke. Kafin labari ya ƙare, dabbar cikinsa ta fito a jikin yumɓu.

Lokacin ne ma'aikatan Abuja suka kwararo Suleja neman haya. Mu ma muka samu namu ɗan hayan, Malam Haladu, mai koyar da zane a wata firamare. Yakan zauna bayanmu da fensir da takarda. Inna har gyaɗa take tura masa, wai baƙo ne, kewar gida ke damunsa.

Tatsuniyar da na fi riƙewa ita ce ta ƙadangare. Wata matalauciya ta gina randa, matar attajiri ta ɗauke ta ce tata ce. Babu shaida sai ƙadangaren kan katanga. Alƙali ya tambaye shi ko ta matalauciya ce, ya gyaɗa kai. Ko ta matar attajiri ce, ya sake gyaɗawa, don kada a hana shi shan hantsi a katangarta. Randa ta tafi gidan mai ƙarfi. "Har gobe yana gyaɗa kan," in ji Inna, "sai dai ba mai ƙara tambayarsa komai."

Bayan Malam ya tashi da 'yan shekaru, ya dawo a mota da littafin yara mai launi. Ga ƙadangaren Inna a bango, da jelar nan mai lanƙwasa biyu wadda ba mai yin ta sai ita. Sai da ta goge hannu a zaninta kafin ta taɓa.

"Malam, sunana yana ciki?"

"Ga shi nan, Inna." Ya ɗora yatsa kan wani layi.

Ta adana littafin a adaka. Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna masa layin, har ta rasu. Malam kuwa littafi na bin littafi, ana hira da shi a rediyo, yana cewa a mafarki dabbobin ke zo masa.

Ranar da malamar ajinmu na manya ta ce kowacce ta kawo abin karantawa, na buɗe adakar. Layin ya yi dauɗa da yatsan Inna. Na haɗa shi harafi-harafi: sunan maɗaba'a ne. Na bi littafin daga bango zuwa bango sau uku. Babu Kande.

Ɓarawo dai ɓarawo ne, na san matsayinsa. Waɗanda suka fi ƙona mini rai su ne masu ilimin da ta nuna wa. Kawu Sale ya yi sakandare, ya karanta layin nan da idonsa. Da na tsare shi, cewa ya yi bai so ya ɓata wa tsohuwa rai ba, kuma Malam babban mutum ne. Ashe ƙadangarun a tabarmarmu suke zaune, muna ba su fura.

Hannuna bai gama faɗawa ba tukuna, baƙaƙena manya ne, karkatattu. Haka na ɗauki biro na rubuta sunanta a bangon, sama da nasa, na danna har takardar ta huje.