Yajin da Ya Kashe Min Baki a Gaya

Lokacin da abin nan ya faru, ni ne tsohon da ya fi kowa tsokana a ƙauyenmu na ƙasar Ajingi. Boko leƙawa kawai na yi na gudo, don haka a yi haƙuri da rubutuna. Kurina a duniya ɗaya ne: barkono bai taɓa sa ni hawaye ba.

Ina da maƙwabci Bafulatani, tare muka yi furfura. Wata damina shanunsa suka shiga min gonar gyaɗa, na saki baki na faɗa masa maganganu, har muka daina gaisawa. Da dattawa suka sulhunta mu, ɗansa da ke aiki a Kano ya ce zai kai mu cin abinci Gaya, har da liman, don a wanke zukata. Na bi su ina washe baki, amma zargi na nan a cikina.

Mai gidan abincin ya taɓa yi wa 'yan Sin masu aikin titi girki, shi ne ya dawo yana haɗa nasu da namu. Aka kawo taliya da tsire da daddawa, suna iyo cikin wani jan mai. Maƙwabcin nawa da hannunsa ya turo min kwano, ya ce bismilla, yau a ga sarkin cin yaji. Na naɗe hannun riga na dirar mata.

Zafin ban damu da shi ba. Abin da ya tsorata ni, leɓena ne ya fara rawa, sannan ya mutu. Na cije shi, ban ji komai ba. Harshena ya yi nauyi kamar na aro, ruwan da na kurɓa ya koma ɗanɗanon ƙarfe. Na gwada kalmar shahada a hankali, na ji ba ta fita daidai. Na tuna iyalina, na tuna ko sallama ban yi wa uwargida ba, na hango gawata a bayan a-kori-kura ana kai ta gida. Na dubi jama'a, kowa ya sunkuyar da kai yana ci. Na dubi maƙwabcina, fuskarsa lumui, yana kallona. Sai zuciya ta ce min ai shi ke nan, sammu ne, an gama da kai.

Na miƙe, na nuna shi da yatsa, na ce jama'a su shaida, in na mutu shi ne ya ba ni guba. Can liman ya ɗago, gumi har gemu, ya ce in ji tsoron Allah in zauna, shi ma tun ɗazu bai san inda bakinsa yake ba, kunyar mai gayya ce ta hana shi magana. Sauran ma kowa ya ce haka. Mai girki ya taho da gudu, ya ce Baba a yi haƙuri, wani yajin Sin ne, haka yake kashe baki, anjima zai sake.

Maƙwabcina ya miƙo hannu. Mutumin da ko a miya ba ya son yaji, ya jawo kwanona gabansa, ya cinye saurana tas, hawaye na zuba, ɗansa na roƙonsa ya bari. Ya wanke hannu, ya fita ya hau acaɓa.

Bakina ya sake kafin mu iso gida. Na je na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, yana kuma amsa sallamata. Amma har yau in aka kai masa tuwo daga gidana, a rufe kwanon ke dawowa.

Na gane cewa tsoro ba ya ƙirƙiro magana, wadda ka ɓoye yake fito da ita. Jama'a, in an sulhunta ku, ku yafe tun daga gida. In kuma kun ji baƙon abu a baki, ku tambayi na kusa da ku kafin ku ɗaga yatsa.