Ƙwan zabin Yaya

A farkon shekarun 1990 ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Minna, kuma ina da ciwon taɓe-taɓen wayar lantarki. Wani abokin aikina, mutumin Garatu, ya dawo daga kwas da allon gwaji ya ba ni aro. Allo ne mai faɗin littafi, a tsakiyarsa akwai 'yar ƙwaƙwalwar lantarki baƙa mai ƙafa arba'in, mukan ce mata cif. Ka rubuta mata umarni, ta bi, ba musu. Abin da ya sa na so ta ke nan, don ɗalibaina ba haka suke ba.

Yayata tana zaune a unguwar Tunga, tana kiwon kaji a bayan gida. Duk damina takan sayo ƙwan zabi daga Wushishi ta sa wa kaza ta kwanta a kai, abin da ya ƙyanƙyashe shi ne kiwonta na shekara. Kaza ɗaya ba ta rufe da yawa, wata ma sai ta yi zuciya ta tashi ta bar su. Na ce zan yi mata akwatin ƙyanƙyasa. Na haɗa shi da katako, na sa 'yar tagar gilashi, da ƙwan fitilar mota don ɗumi, da injin goge gilashin mota don ya riƙa karkata faifan ƙwan duk awa huɗu. Ƙwai idan ba a juya shi ba, ɗan da ke ciki yakan manne da ɓawo. Batirin mota ke ba da wuta, cif ke lura da zafi da lokaci. Mako biyu na gwada shi da lemun tsami a faifan, bai taɓa saɓawa ba.

Sai mai allo ya ce yana son abinsa. Ban damu ba. Na sayo cif irinta da allo mai huji-huji, na zauna ina kwafe hanyoyin waya ɗaya bayan ɗaya ina liƙewa da dalma. A jikin allon aro akwai wasu ƙananan kayan lantarki da ake ce wa kafasita, kamar ƙwayar wake, ɗaya manne da ƙafar wutar cif, wasu warwatse. Na dube su na ce kwalliyar masu kamfani ce, ba sa cikin zanen da ke kaina. Na bar su. Na kunna nawa, fitila ta kama, zafi ya kai ta mutu, ya sauka ta sake kamawa. Na danna maɓallin gwaji, faifai ya karkata. Ban zauna na jira awa huɗu ba, ina da darasi.

Yaya ta zuba ƙwai sittin, duk abin da ta sayo a shekarar, ba ta bar wa kaza ko ɗaya ba.

“Yaya, abu ɗaya nake roƙo,” na ce mata. “Kada ki buɗe, kada ki taɓa. Shi ya san aikinsa.”

“To, Injiniya,” ta ce. Haka take kirana idan tana so ta tsokane ni.

Kullum in na tashi daga makaranta nakan biya ta Tunga. In leƙa ta gilashi, ma'aunin zafi daidai, faifai a karkace hagu. Na yi lissafi, juyi shida ne a yini, ni kuma lokaci ɗaya nake zuwa, dole in same shi a gefe ɗaya. Lissafin ya yi mini daɗi, sai in sha kunun zaƙi in wuce gida.

Ƙwan zabi kwana ashirin da takwas yake yi. Ranar ta zo, bakwai suka fito. Muka ƙara kwana biyu, ba ƙari. Yaya ta ɗauki sauran ta kai gindin mangwaro ta riƙa fasawa ɗaya-ɗaya a cikin tsohon kwano. Wasu sun mutu tun suna jini, da yawa kuwa sun yi gashi, sun manne da ɓawo ta gefe ɗaya. Ni ina tsaye riƙe da ma'aunin wuta, ban san me zan auna ba.

A ranar na zauna gaban akwatin da agogo a hannu, abin da ya kamata in yi tun farko. Duk sanda fitila ta kama ko ta mutu, wutar da ke zuwa wa cif sai ta ɗan girgiza, cif ta farka kamar yanzu aka kunna ta, ta soma ƙirga lokaci daga farko. Fitilar kuwa ba ta minti goma ba ta motsa ba. Wata guda tana ƙirga awa huɗu, ba ta taɓa kaiwa ko rabin awa ba. Waɗannan ƙwayoyin waken da na raina su ne ke riƙe mata wutar. Washegari na liƙa guda biyu, aikin bai kai minti biyar ba, faifai ya riƙa juyawa a kan lokaci. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Na yi wa Yaya bayani dalla-dalla, har da zane a ƙasa. Tana wanke kwanon tana saurare.

“Ai na gani,” ta ce. “Tun kwana na uku na ga ba ya motsi. Ina wuni a gidan nan, ko sau ɗaya bai juya ba.”

“Yaya! Me ya hana ki faɗa mini? Ko ki juya da hannu?”

Ta zubar da ruwan, ta kife kwanon a kan dutse.

“Sau biyu na kai hannu kan murfin,” ta ce. “Sai na ce kai ne ka yi karatu.”