Mataki Na Takwas A Gidan Malama Doreen

A garin Morden, duk yaron da ya kai shekara bakwai sai ya sauka ɗakin ƙasa na gidan Malama Doreen Klassen, inda take koyar da fiyano. A wurinta kiɗa ba abin jin daɗi ba ne. Matakala ce mai hawa goma, kowane hawa da jarrabawarsa, kuma kowace bazara mai jarrabawa yakan zo daga birni ya zauna a zauren coci ya saurari yara suna kaɗa fiyano.

Da ta daɗe a sana'ar, sai ta koma auna komai da mataki. Huɗubar fasto mataki na biyar ce. Miyar kabejin maƙwabciya, na uku. Mijinta Vern, mai sayar da kayan gyaran tarakta, ya taɓa tambayar inda shi ya tsaya.

Ta ce, "Na shida. Shi ma don kana zuwa a kan lokaci."

Idan yaro ya roƙa a koya masa waƙar da ya ji a rediyo, sai ta cire tabarau ta dube shi. "Tana cikin jarrabawa? To gyara zama, yaro."

Da gwiwoyinta suka gaza sauka ɗakin, ta ajiye aiki, tsofaffin ɗalibanta suka shirya mata walima a cocin. Aka cika maƙil, da likitar haƙori da masu gonar masara da 'yar majalisar gari, yawanci 'yan mataki na takwas. Bayan an ci tsiran alade da kek, Vern ya miƙe ya ce a kaɗa wani abu a yi rawa.

Aka tura Lorna, likitar haƙorin, wadda ta fi kowa maki a zamaninta. Ta zauna, ta dubi fiyano, ta ce, "Malama, ni fa waƙoƙin jarrabawar nan kaɗai na iya."

Vern ya ce, "To kaɗa ɗaya, 'yata."

Ta kaɗa. Da ta tashi wani manomi ya zauna, ya kaɗa ita dai waƙar. Na bayansa ma haka, har inda Lorna ta yi tuntuɓe nan kowa ya yi. Vern ya gwada taka rawa, ya ga ba ta takuwa, ya koma wajen kek.

Malama Doreen kuwa hawaye ne suka cika mata ido. Ba wanda ya manta inda ake sassauta sauti, ba wanda ya ƙara ko ɗigo daga kansa. Ta jawo kujera kusa da fiyanon, ta ɗaga wuyan hannun manomin da ke kaɗawa a lokacin da ɗan yatsa.

Ta ce, "Ka sake, Dale. Daga farko."

Dale mai jikoki ya gyara zama ya sake.