Mutuwar da Kawu Modu Ya Ƙi Yi

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Modu takardar wasa ya san tambayarsa ta farko. Ba ya tambayar a matsayin wa zai fito, ba ya tambayar garin da za a je. Zai riƙe takardar nesa da fuska, yana ta ƙamshin hayaƙi, don bandar kifi yake sayarwa a kasuwar Gashuwa, sai ya ce, "Ana mutuwa a ciki?" In ka ce ana yi, ya ce, "Wa?" In ka ce shi ne, sai ya ninke takardar ya mayar maka da hannu biyu, cikin ladabi, ya ci gaba da korar ƙuda daga kan kifinsa.

Yayan mahaifiyata ne, ni kuma Allah ya jarrabe ni da zama mai rubuta wa ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo labarai. Ku da kuka yi zamani da shi kun sani, babu abin da bai fito ba. Ya yi ɓarawo, ya yi mahaukaci, ya yi ɗan siyasa mai rabon alkawari. Kafin mata su shigo ƙungiya har zani ya ɗaura ya fito a ungozoma, da gemunsa da komai! Amma ya kwanta a dandamali a ce ya cika, wannan kam ko sama da ƙasa za su haɗe.

"Darakta," haka yake kirana in zai raina ni, "abin da sau ɗaya ake yinsa, mene ne na gwaji?"

Ban daddara ba. Akwai lokacin da wani ma'aikacin lafiya ya gayyace mu Jakusko ranar kasuwa, mu yi faɗakarwa kan maganin da ake yawo da shi a jaka. Labarin ba shi da wuya: dattijo ya sayi maganin ciwon baya wurin mai talla, ya sha, ya mutu, jama'a su ɗauki darasi. A wajen gwaji Kawu bai yi gardama ba, ni kuma da wautata na ɗauka ya sauko. Ranar wasa ya ɗaga kwalba ya shanye, ya dafe ciki, ya yi birgima, ya shure ƙafa, ya miƙe sambal. Mata suka fara salati. Ina bayan labule ina hamdala, ashe da sauran aiki. Sai ji muka yi gawa ta yi atishawa. Kawu ya tashi zaune, ya yi miƙa har ƙashinsa ya yi ƙara, ya ce, "Alhamdulillahi! Bayan ya saki!"

Wani mai tallan magani na gaske da ke cikin 'yan kallo ya ɗaga jakarsa sama. "Jama'a, irinsa ne a nan! Kun dai gani da idonku!" Kafin mu naɗe labule masu saye sun yi masa rubdugu. Wanda ya gayyace mu ko sallama bai yi mana ba.

A bayan akori-kura, muna komawa, na ce, "Haba Kawu! Mutumin da ya sha gubar nan ai mutuwa zai yi."

Ya ce, "Zoɓo ka zuba mini, Darakta. Wa ya taɓa mutuwa da zoɓo? Kuma sukari bai ji ba."

Sai na yi dabara. Na ce to, tunda ba zai mutu a gaban mutane ba, bari in kashe shi a bayan fage. A Karasuwa muka yi wannan. Kawu ya gama fitowarsa ya shige bayan labule, Habu, wanda ke fitowa a ɗansa, ya shigo da gudu yana kuka, "Baba ya rasu! Baba ya rasu!" Sai ga kan Kawu ya leƙo ta gefen labule, da ƙosai a hannunsa.

"Ƙarya yake yi, jama'a, ga ni nan. Gado yake so."

Aka yi ta dariya har wani tsoho ya faɗo daga kan benci. Ni kaɗai ne ban yi ba.

Dalilin wannan taurin kai ba ɓoyayye ba ne, matarsa Ya Falmata kan ba da labarin duk lokacin da aka taɓo ta. Tana amarya, Kawu ya taɓa mutuwa a wani wasa a filin makarantar firamare, kuma ya mutu da kyau. Ita ba ta taɓa ganin dirama ba. Tana ganin an lulluɓe shi da farin ƙyalle ta zube a wurin, sai da aka yayyafa mata ruwa. Wani mai keke kuma da ya tsaya kallo daga nesa bai jira ƙarshe ba, ya taka sai Katuzu, garin iyayenta, ya isar da labari. Da hantsi washegari surukai suka iso ta'aziyya da buhun gero, suka tarar da mamacin a ƙofar gida yana shan koko. A ranar ce Ya Falmata ta sa shi ya yi mata alkawari: ba zai riga ta mutuwa ba, ko da wasa.

Na taɓa tambayarsa ko ya ji kunyar surukansa. Ya ce, "Su ya kamata su ji. Duk Katuzu a rasa masu zuwa ta'aziyyata sai 'yan tsirarun nan?" Geron kuwa bai mayar ba. Ya ce abin da aka kawo gidan mutuwa ba a komawa da shi.

To, sai na rubuta wasan da har yau nake ganin shi ne kaɗai abin kirkin da na taɓa rubutawa. Kun san yadda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kogi ya tsuke, masunta da makiyaya suka koma hararar juna a kan ɗan abin da ya rage. A wasan, wani tsohon sarkin ruwa ya shiga tsakanin 'ya'yansa da makiyaya ana tsakiyar rikici, sanda ta same shi, ya mutu, gawarsa ce ta sa kowa ya ajiye makami. In tsohon bai mutu ba, babu wasa. Kuma an riga an gayyace mu Nguru, inda dattawan ɓangarorin biyu za su zauna a fili ɗaya su kalla. Ba na son su tashi suna dariya. So nake su tashi jikinsu a sanyaye.

Kawu ya mayar mini da takarda da hannu biyu, kamar kullum. Na ba Habu matsayin, muka shafa masa toka a gemu. Habu yaron kirki ne, amma in ya faɗi sai ka ce an sauke buhun albasa daga mota. Kuma yana mutuwa yana murmushi. Na fara tunanin in aika Nguru a ce ba za mu zo ba.

Ana cikin haka ciwon ƙoda ya kwantar da Ya Falmata. Ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abarsa. Kawu ya daina zuwa gwaji, babu wanda ya yi masa magana. Bayan sadakar arba'in, wata ranar da yamma muna tsakiyar kashe Habu, sai ga shi ya shigo, ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Ya tsaya ya kalli faɗuwar, ya girgiza kai.

"Darakta, mutuwar nan tana nan?"

Na ce, "Tana nan, Kawu."

"Kawo ta. Yaron nan zai zubar mana da mutunci."

Kada ku ɗauka ya zo da sauƙi. Sharuɗɗa ya zayyano. Ba zai yi gwaji ba, ranar wasa kawai zai yi. Ba zai faɗi a ƙasa ba sai an shimfiɗa tabarma, don rigar ta aro ce. Kuma dole ya faɗi yana fuskantar alƙibla. Da muka isa Nguru muka tarar an kafa dandamali yana kallon wani wajen daban, Kawu ya ce atafau. Sai da muka tashi dattawa, masunta da makiyaya, kowa ya ɗauki bencinsa aka juya filin gaba ɗaya. Wannan ne aikin farko da na ga sun yi tare.

Bayan la'asar aka fara. Aka zo wurin rikici, sanda ta sauka, Kawu ya durƙusa a hankali, ya laluba tabarma da hannu ya tabbatar tana nan, sannan ya kwanta ta gefen dama. Na rubuta masa jawabi mai tsawo kan ruwa da zaman tare, na sha wuya kafin in tsara shi. Bai faɗi ko kalma ɗaya daga ciki ba. Ya dai ɗaga ido sama, ya ce da muryar da ba ta wasa ba, "Falmata, na cika alkawari." Ya yi kalmar shahada, ya rufe ido.

'Yan kallo ba su san wace ce Falmata ba, sun ɗauka a cikin labarin take. Wani dattijon makiyayi ya cire malafarsa ya ɗora a gwiwa. Wani masunci da ke kusa da shi ya sunkuyar da kai. Mu da muka sani kuwa, kukan da muka yi a dandamalin nan babu na kwaikwayo a ciki. Habu ma, a karon farko, bai yi murmushi ba.

Muka ɗauke shi za mu fita da shi, ni ne a wajen kai, hawaye ya hana ni ganin hanya. Sai na ji raɗa daga ƙarƙashin ƙyallen:

"Darakta, riƙe kan da kyau. Ba kwalin banda ka ɗauko ba."

Damina ba ta ƙare ba ya bi Ya Falmata. Ranar da muka ɗauki makararsa, ni ne kuma a wajen kai. Wallahi tun daga ƙofar gida har maƙabarta kunnena na kan likkafanin nan, ina jira ya gyara mini riƙo. Bai ce komai ba, sai na riƙe da kyau.

Allah ya jiƙan Kawu Modu, ya yafe masa kurakuransa, ya sada shi da Ya Falmata a gidan da babu rabuwa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.