Alƙur'anin da Baffa Ya Hana Ni Aro

Jiya na ratsa rumfar dukawa a kasuwar Boɗinga, ƙanshin jar fata ya tuna mini da Baffana, Allah ya jiƙansa. Haka gafakar Alƙur'aninsa take ƙanshi.

Shekarar samun 'yancin kai aka zaɓe ni kansila daga Dandin Mahe. Na je aron Alƙur'aninsa don rantsuwar kama aiki. Ya dafe gafakar, ya ce, "Mi za ka rantse a kai?"

Na ce da Turanci take, maimaitawa kawai za mu yi.

"Littafin ga ba shi shaidar maganar da ba ka ji ba. Tafi a fassara maka."

Na dawo na ce masa rantsuwar riƙon amana ce, ba sani ba sabo. Ya ce, "Har ni?" Na ce har shi. Sannan ya sa na yi alwala, ya miƙo mini.

Da gonarsa ta ci burtalin shanu, ni na sa aka tuge dawarsa. Ranar, a gidansa na ci tuwo.

Allah ya haskaka kabarinsa, ni kuma ya kashe ni a kan wannan rantsuwa.